Yadda Ɗalibin Sakandare a Jos Zai Nemi Zaman Koyo a Asibiti

Ɗalibin da yake burin zama likita ya kamata ya ga aikin asibiti da idonsa kafin ya cike fom ɗin JAMB, domin karatun likita a Najeriya shekara 6 ne, sannan a ƙara shekara guda ta horo a asibiti kafin a tafi hidimar ƙasa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne dogon hutun da ke biyo bayan aji 2 na babbar sakandare.

A fara da takarda. Shugaban makaranta zai rubuta wa shugaban asibiti wasiƙa mai ɗauke da sunan ɗalibi, ajinsa da makonnin da yake nema, a haɗa da takardar amincewar iyaye. A rubuta ƙarara cewa kallo da koyo ake nema, ba taɓa majinyaci ba, don wannan jimlar ce ke kwantar wa hukumar asibiti hankali. A Jos ana iya gwada Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ko na Jami'ar Bingham wanda aka fi sani da Jankwano. Izini yana hannunsu, kuma suna iya hanawa. Idan haka ta faru, a nufi asibitin unguwa ko cibiyar lafiya ta matakin farko, inda a ganina ɗalibi zai ma fi samun mai lokacin yi masa bayani.

Kada a yi sakaci da rigakafin ciwon hanta nau'in B. Allura 3 ce cikin wata 6, saboda haka a fara da wuri. Filato na cikin jihohin da zazzaɓin Lasa ke ɓulla, shi ya sa wanke hannu da nisantar jini da allurar da aka riga aka yi amfani da ita suka zama dole.

Abin da ya fi damuna shi ne sirrin marasa lafiya. Jos gari ne da ake sanin juna, kuma ɗalibi zai iya tarar da maƙwabciyarsu a kan gado. Abin da ya gani ko ya ji ba na kaiwa gida ba ne, balle ɗaukar hoto a sa a WhatsApp; Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kare wannan sirri. Ya gaishe da majinyaci da ladabi, ya ce "Sannu Baba, yaya jiki?", idan kuma aka nuna ba a son tsayuwarsa ya fita.

Sannan kada ya maƙale wa likitoci kaɗai. Ya roƙi a bar shi ya zauna da ma'aikatan jinya da ungozoma, ya leƙa ɗakin magani da ɗakin gwaje-gwaje, ya tambaye su yadda aikin dare yake. Ya riƙa rubuta tambayoyinsa, ya yi su bayan an gama zagayen duba marasa lafiya. Ranar ƙarshe ya nemi takardar shaida mai sa hannu da hatimin asibiti.