Yadda ake gano asalin tsohon shayin Pu'er daga takardar da aka naɗe shi

Shayin Pu'er na lardin Yunnan da ke kudu maso yammacin ƙasar Sin yana ƙara daraja idan ya kwana biyu, shi ya sa jabunsa ya yi yawa a kasuwa. Ana matse ganyen ya zama kamar faifai, nauyinsa galibi giram 357, a naɗe kowane ɗaya a farar takarda, sannan a ɗaure guda bakwai a cikin ɓawon gora. Wannan naɗi yana da bayanai da yawa, amma ya fi iya ƙaryata mai sayarwa fiye da gaskata shi, kuma da wannan tunani ya kamata a karanta shi.

Da farko a dubi tambarin da ke tsakiyar takardar. Idan aka ga harafin 茶, ma'ana shayi, cikin launin kore, kewaye da jajayen haruffan 中 guda takwas, to wannan tambarin Zhongcha ne, na kamfanin shayi na gwamnati, wanda aka yi wa rajista a 1951. Abin da ke ruɗa sabon mai saye shi ne manyan masana'antun gwamnati na Kunming da Menghai da Xiaguan duk sun yi amfani da shi na tsawon shekaru, don haka tambarin kaɗai ba ya faɗin inda aka matse ganyen. Idan kuma akwai rubutun boko da ke cewa "Yunnan Chi Tse Beeng Cha", shayin bai wuce farkon shekarun 1970 a tsufa ba, komai rantsuwar mai shago. Tambarin Dayi na masana'antar Menghai ne, an yi masa rajista a 1989, shi kuwa Xiaguan an san shi da hoton tsuntsu da bishiya.

Mataki na biyu shi ne a juya bayan takardar a nemi abin da bai kamata ya kasance a wurin ba. Faifan da aka yi a zamanin masana'antun gwamnati ba ya ɗauke da ranar da aka sarrafa shi. Alamar QS ta hukumar kula da ingancin abinci ta bayyana a kan shayi ne a wajen 2007, daga baya lambar da ke farawa da SC ta soma maye gurbinta daga 2015. Lambar ƙa'idar ƙasa GB/T 22111 kuwa ta 2008 ce. Duk wanda ya miƙo faifai mai ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan ya ce na 1995 ne, maganar ta ƙare a nan.

Daga nan sai lambar haɗi, mai alƙaluma huɗu, wadda ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. A ɗauki 7542 misali: 75 na nufin shekarar da aka tsara wannan haɗin ganye, wato 1975, 4 darajar ganyen ce, 2 kuma lambar masana'antar Menghai ce. Lambar ƙarshe 1 ta Kunming ce, 3 ta Xiaguan, kamar yadda ake gani a 7581 da 8653. Shekarar haɗi ba ita ce shekarar sarrafawa ba, domin har yanzu ana matse 7542 sabo. Abin da ke nuna shekara shi ne lambar zubi, wadda a da take da alƙaluma uku, irin 901, wato zubi na farko a shekarar da ta ƙare da 9, sai dai ko 1989 ce ko 1999 ko 2009, wannan sauran alamomin ne za su raba gardama. A tsofaffin kaya ma waɗannan lambobi suna kan takardar babban kwandon da ake tara shayin a ciki ne, ba a jikin kowane faifai ba.

Sai a buɗe naɗin a hankali. Akwai takarda mai ɗan girma da ke kwance a sake, ana kiranta neipiao, wadda ba ta da nauyin shaida sosai tunda kowa na iya saka ta. Wadda ta fi muhimmanci ita ce neifei, ƙaramar takarda da aka matse tare da ganyen tun yana da tururi, har ganye ya hau kanta ya riƙe ta. Ta Menghai takan ambaci sunan masana'antar da yankin Xishuangbanna. Idan neifei tana zaune a sama fes, ko an ga alamar an liƙa ta da wani abu, ko an ƙwaƙule ganyen da ke gefenta, a yi hattara, domin sauya takardar waje aikin minti ɗaya ne, sauya wannan kuwa sai ya bar tabo.

A ƙarshe a gwada tsufan takardar da tsufan ganyen. Takardar da ta shekara ashirin a ɗakin ajiya mai laima a Hong Kong ko Malesiya takan yi tabon ruwan shayi da ƙananan hujin ƙwari, ta Kunming kuwa, inda iska ta fi bushewa, takan fita da tsabta. A duba ko an rubuta 生, ɗanyen shayi mai tsufa da kansa, ko 熟, wanda aka nunar ta hanyar tara ganye a jiƙa shi, dabarar da aka soma a 1973. Ɗanyen da ya tsufa ruwansa yakan koma ja mai duhu, saboda haka idan takarda ta yi kama da tsohuwa amma ruwan ya fito rawaya mai ɗaci, a nemi mai shagon ya dafa wani ɓari daga faifan a gaban mai saye kafin a yi maganar kuɗi.