Yadda Ake Tattara Tarihin Attajirin Gida Tun Shaidu Suna Raye

A wurin zaman makokin babban ɗan kasuwa ake jin labaran da ba a taɓa ji ba yana da rai. Wani dattijo zai matso ya ce marigayi ne ya ba shi jarin farko, wani ya ce shi ya biya kuɗin aikin da aka yi wa matarsa a asibiti, wata tsohuwa kuma ta aiko daga cikin gida cewa shekara ashirin buhun geronta na azumi bai taɓa yankewa ba. Bayan kwana uku jama'a su watse, a naɗe tabarmi, labaran kuma su koma cikin zukatan masu su. An ga haka a fili lokacin da Alhaji Aminu Alhassan Dantata ya rasu a Abu Dhabi ranar 28 ga Yuni, 2025, yana da shekara 94, aka binne shi a Madina, domin abin da ya fi yawa a bakin mutanen Kano a makon nan shi ne alherin da ya yi wa wane da wane. Kowane gari yana da irin nasa attajirin, ko da dukiyarsa ba ta kai ta gidan Dantata ba, kuma wanda ya ɗauki nauyin rubuta tarihinsa yana bukatar ya san inda zai fara.

A fara tun a wurin makokin, amma ba da tambayoyi ba, domin ba lokacinsu ba ne. Abin da ya dace shi ne a ajiye wani yaro mai hankali da littafi a gefe, yana rubuta sunan duk wanda ya ba da wani labari, da unguwarsu, da yadda za a same shi daga baya. Sauran aikin sai a dakata har matan marigayi su fita takaba, wato wata huɗu da kwana goma, a kuma nemi amincewar manyan 'ya'ya maza da mata a zama ɗaya. Takardun kasuwanci kuwa gara a bar su sai an gama rabon gado, saboda duk wanda aka gani yana buɗe akwatin marigayi kafin rabo, komai kyawun niyyarsa, ya jawo wa kansa zargi, kuma zargin zai bi littafin har bayan an buga shi.

Da an sami izini, sai a jera sunayen waɗanda za a zanta da su bisa shekaru, a fara da mafi tsufa da mafi rauni. Mutane sukan garzaya wurin manyan abokan marigayi masu suna, alhali ainihin tarihin yana hannun waɗanda ba a kulawa da su: tsohon direbansa, akawun da ya riƙe littafin bashi, yaran gidan da suka tsaya a rumfa, dillalan da suka ci la'ada a hannunsa, mai gadin sito, da limamin masallacin ƙofar gida wanda ta hannunsa zakka take fita. Haka nan 'yan'uwansa mata da uwargidansa, domin sau da yawa su ne suka san asalin jarin, ko awarwaron wa aka sayar, ko gonar wa aka jinginar a shekarar da kasuwa ta karye. A je wa kowa har gida, shi kaɗai, da ɗan goro ko turare, a gaisa a natse, sannan a nemi izininsa kafin a kunna rikodar waya.

Yadda ake tambayar shi ne rabin aikin. Duk wanda aka ce masa, "Baba, wane irin mutum ne Alhaji?" amsarsa ɗaya ce: mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai kyauta, Allah ya jiƙansa. Wannan gaskiya ce, amma ba ta cika shafi ba, kuma ba ta bambanta shi da kowane mamaci ba. Sai a ce, "Baba, ranar da kuka fara haɗuwa a ina ne? Wane kaya ya fara ba ku? Nawa ne kuɗinsa, kuma yaushe kuka biya? Ranar da kuka yi asara me ya ce muku?" Na taɓa zama da wani tsohon yaron shago wanda ya shafe rabin sa'a yana yabon maigidansa ba tare da ya faɗi abu ɗaya da za a riƙe ba, sai da na tambaye shi inda maigidan yake zama a shagon. Nan take ya nuna da hannu cewa a kan buzu yake zama a bakin ƙofa, akwatin kuɗi a ƙarƙashin gwiwarsa, kuma ba ya taɓa ƙirga ciniki sai bayan la'asar. Daga nan labari ya ɓalle, har muka kai ga shekarar da gobara ta cinye kayansu, maigidan ya hana a nemi ko kwabo a wurin yaran da kayan suke hannunsu.

Dattawa ba su cika riƙe shekara da lamba ba, amma suna riƙe abin da ya faru a cikinta, don haka mai rubutu ya tanadi ma'aunansa. Idan aka ce shekarar da Sarki Abdullahi Bayero ya rasu, 1953 ke nan. Zuwan Sarauniyar Ingila 1956 ne, naɗin Sarki Ado Bayero 1963, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, komawa daga fam zuwa naira 1973, rikicin Maitatsine a Kano ƙarshen 1980, canjin kuɗi na mulkin soja kuma 1984. Idan an sami shekarar Hijira a bangon Alƙur'ani ko a jikin wasiƙa, a rubuta ta yadda take, sannan a sa ta Miladiyya a gefe, a tuna cewa tsawon shekara 33 a lissafin Hijira daidai yake da kusan shekara 32 a lissafin Miladiyya. Batun kuɗi ma haka yake: a bar adadin a kuɗin zamaninsa, fam da sule da kwabo, a sanar da mai karatu cewa fam ɗaya naira biyu aka canza shi a 1973, sannan a tambayi dattijon abin da kuɗin yake saye a lokacin, buhun gero nawa ko keke nawa. Wannan ya fi a yi ta ƙoƙarin juya shi zuwa nairar yau, wadda darajarta ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Bayan baki sai takarda. A nemi littattafan bashi, rasitai, takardun filaye, tsofaffin fasfo masu hatimin aikin Hajji, wasiƙun fatake, da hotuna. Da yawa daga cikinsu da ajami aka rubuta, saboda haka a nemi malamin allo ya karanta, a ɗauki hoton kowane shafi kafin a motsa shi, domin takardar da ta shekara hamsin a akwatin ƙarfe tana iya marmashewa a hannu, idan ma gara ba ta riga ta cinye ta ba. Kowane hoto a kai wa tsofaffi su faɗi sunayen waɗanda ke ciki, a rubuta a bayansa da fensir. Idan kasuwancin ya kai ga hulɗa da kamfanonin Turawa ko da hukuma, akwai abin da za a samu a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ita ma take Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa, da tsofaffin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939.

Amfanin wannan wahala yana bayyana idan aka dubi abin da aka sani game da Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955. An san cewa sunan ya samo asali daga Tata, matar da ta rene shi. An san ya yi fataucin goro zuwa ƙasar Gwanja, sannan ya shiga sayen gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, kuma an ruwaito cewa a 1929 raƙuma ashirin ne suka ɗauko masa azurfar da ya ajiye a bankin Turawa a Kano. Waɗannan ƙananan bayanai su ne suka sa har yau ake iya ganin mutumin da zamaninsa, ake kuma gane yadda gidan ya miƙe ta hannun 'ya'yansa irin su Sanusi da Aminu, har zuwa Aliko Dangote, wanda mahaifiyarsa Hajiya Mariya 'yar Sanusi ce. Mai rubutu ya bi wannan hanyar a nasa aikin, ya nuna ko marigayi gadon sana'ar ya yi, wa ya koya masa, su wa ya yaye, kuma a hannun wa shagon yake yanzu.

Babin alheri shi ne mafi wuya, kuma a nan nake ganin ake yawan kuskure. Abin da ya yi a fili, kamar masallaci, rijiya, makarantar Islamiyya, ɗakin marasa lafiya ko gidan da ya yi wakafi, a rubuta shi dalla-dalla, da wurin da yake, da shekarar ginawa, da wanda ke kula da shi, a je kuma a gani da ido ko yana aiki. Abin da ya yi a ɓoye kuwa amana ce. Mutumin da ya riƙa aika hatsi gidan wani malami da dare don kada maƙwabta su gani, bai kamata 'ya'yansa su buga sunan malamin a littafi ba, domin Alƙur'ani ya yi gargaɗi a Suratul Baƙara cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. A faɗi aikin, a sakaya sunan, sai fa idan wanda aka yi wa alherin ne da kansa ya ce a ambace shi, kuma ko a nan a sake tambayarsa bayan an karanta masa abin da aka rubuta.

Ba a zagin mamaci, wannan hani ne da ya tabbata a hadisi, amma faɗin cewa ya taɓa karyewa, ko ya sayi kayan da suka kwanta, ko ya ci bashi ya shekara uku yana biya, ba zagi ba ne, kuma shi ne ɓangaren da jikokinsa masu shiga kasuwa za su fi amfana da shi. Rigimar cikin gida da saɓanin kishiyoyi a bar su a inda suke. Idan mutum biyu suka ba da labari ɗaya ta fuska biyu, a kawo duka biyun, a ce wane ya ce kaza, wance ta ce kaza.

Kafin a kai wa maɗaba'a, a tara iyali a karanta musu daftarin da babbar murya, saboda tsofaffin da ba sa karatun boko su ma su ji, su gyara. A rubuta shi da Hausa tukuna, fassara ta biyo baya idan akwai bukata. Muryoyin da aka ɗauka da hotunan takardu kuma kada a bar su a waya ɗaya. A kwafe su a wurare uku aƙalla, ɗaya a hannun babban ɗa, ɗaya a hannun babbar 'ya, ɗaya kuma a miƙa wa ɗakin karatu na jami'a mafi kusa, tare da takardar da ta bayyana abin da iyali suka yarda a buɗe wa masu bincike da abin da suka ce a rufe sai bayan wasu shekaru.