Shawara ga masu zuwa ɗaukar hoton baƙin tsuntsaye a Dagona

Salamu alaikum 'yan uwa. Hunturu ya shigo, agwagin ruwan da ke gujo wa sanyin Turai sun fara sauka a dausayin Haɗejiya-Nguru, kuma sukan zauna daga wajen Nuwamba har zuwa Maris. Mai shirin leƙawa tafkin Dagona a jihar Yobe, ga abin da na koya.

Ku isa bakin ruwa da sassafe, rana tana bayanku. Matsalarmu hazo ne: tsuntsu in ya yi nisa, hoton fari fat yake fitowa, komai tsadar kyamara. Maganinsa kusanci, amma ba da bin tsuntsu ba. Ku sami gindin kacalla ku zauna, ku yi tsit, shi da kansa zai matso yana kiwo. Bara na hango wata baƙuwar agwagwa mai farin layi a saman ido, ta shige cikin kirinjijiya. Zumuɗi ya ɗebe ni na miƙe tsaye, sai fir, garken duka ya tashi. Ruwa kawai na ɗauko!

Saurin ɗaukar kyamara (shutter speed) kada ya gaza 1/1000 na daƙiƙa, ku danna a jere. Kada ku canza gilashin kyamara a fili, ƙura za ta shige. Ni tsohon rawani nake naɗe tawa da shi.

In kun ga zobe a ƙafar tsuntsu, ku ɗauki ƙafar ma, don lambar da ke jikin zoben tana nuna ƙasar da aka sa masa. Sannan ku gaisa da masunta, sun fi kowa sanin inda baƙin suke kwana.