Sabon zuwa daga Sakkwato: yadda za ka rage wa takardunka nauyi

Makonnin farko a ƙasar waje, hidimar takardu ce ke cinye su. Makaranta na son fasfo da sakamakon WAEC, mai gidan haya na son shaidar banki, ofishin baƙi kuwa ba abin da ba ya tambaya, kuma kusan duk ta intanet ake ɗorawa. Nan ne shafi ke dawo maka da takarda, wai ta yi nauyi.

Kowa da ma'auninsa. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya haura MB 25 a wasiƙa ɗaya (MB da KB su ne ma'aunin nauyin fayil). In ya haura sai ya zuba shi a Google Drive, ya aika da adireshin wurin, alhali ba kowane ofishi ke yarda ya buɗe irin wannan ba. Hoton fom ɗin DS-160 na bizar Amurka kuwa ba a yarda ya wuce KB 240 ba. MB ɗaya kusan KB 1,000 ne, kuma hoto guda na wayar zamani yakan kai MB 3 ko fiye. To ka lissafa takarda mai shafi goma.

Nauyin nan tun wurin ɗauka yake shiga, don haka can ya fi dacewa a tare shi. Mu ce shaidar digirinka ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana cikin akwati a Mabera, ƙanenka zai turo maka. Kada ka ce masa kawai "ɗauko min hoto". Zai shimfiɗa ta bisa darduma, inuwar hannunsa ta rufe rabin hatimi, ga zanen dardumar ya cika gefe, kuma duk wannan nauyi ne. Ce masa ya je shagon kwamfuta a yi sikanin, ya gaya wa mai shagon dpi 150 ko 200, a adana a PDF. Dpi shi ne yawan ɗigon da na'ura ke ɗauka a kowane inci. In ka ninka shi, ɗigon shafin ya ninku huɗu. Shi ya sa 600 ɓarna ce ga takardar rubutu. Wasiƙa zalla a yi ta ba launi, amma fasfo da duk mai jan hatimi a bar su da launinsu, don ofisoshi da yawa haka suke so.

In shago ya yi nisa, manhajar Google Drive na da sikanin a ciki, haka ma Notes a iPhone. Su yanke gefe, su miƙe takardar da kansu.

Sai turowa. WhatsApp na matse duk abin da aka tura a matsayin hoto, har ƙananan rubutu su dushe. A turo shi a matsayin fayil, kai ka rage da hannunka, kana gani.

Wanda ya riga ya yi nauyi fa? Word na da zaɓin ƙaramin girma wurin adana PDF, manhajar Preview ta kwamfutar Mac ma tana ragewa. Akwai shafuka irin iLovePDF da Smallpdf, suna aiki, sai dai ni ba na son mutum ya ɗora fasfonsa ko takardar banki a kwamfutar da bai san mai ita ba. ZIP kuwa, wato ƙunshe fayil a matse, kada ka wahalar da kanka: hoto nau'in JPEG a matse yake tun asali, abin da zai ragu kaɗan ne. Masu iPhone su lura, hotonsu nau'in HEIC ne, shafuka da dama ba sa karɓa sai an mayar JPEG.

Bayan ka rage, buɗe fayil ɗin ka ƙara masa girma a fuskar waya. Lambar fasfo na karantuwa? Kwanan wata da sa hannu sun fito? In ba su fito ba, koma kan na asali ka rage kaɗan-kaɗan, domin abin da aka matse ba ya dawowa. Saboda haka kowace takarda ka ajiye biyu, babba da ƙarama, ka sa musu suna da haruffan boko marasa lanƙwasa, don wasu shafukan ba su san ƙ da ɗ ba.