Kafin ka sayi ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska na hannu

'Yan uwa mazauna Amurka masu sha'awar irin ƙaramin jirgin ruwan nan Catalina 22 da ake ja da mota a kan tirela, don Allah kar kyawun fenti ya ruɗe ku. Ka hau saman jirgin ka tattaka ko'ina, in ka ji wani wuri yana lotsawa to ruwa ya shiga katakon da ke cikin faiba (abin da aka yi jikin jirgin da shi) ya ruɓe, gyaran nan kuwa zai iya fin kuɗin jirgin, gara ka haƙura. Ka duba wayar da ke ɗaga ƙarfen ƙasan jirgin (mai nauyin nan da ke taimakawa wajen hana shi kifewa), sannan tirela, tayoyi da boris da tsatsa da takardunta, nan mutane ke mantawa. A tada inji a gabanka. Duk abin da ka gani ka yi lissafinsa ka cire daga farashi, kuma ka bari sai Oktoba lokacin da mai shi ke gudun kuɗin wurin ajiye jirgin lokacin hunturu, zai sauko sosai.