Inci da milimita a zane ɗaya: yadda nake raba musu gardama

A Abuja da milimita muke zane, amma kasuwa da inci take magana. Je ka kasuwar kayan gini ta Dei-Dei ka ji: bulo inci tara ko shida, fayif rabin inci, sai an zo kan rodi a ce maka sha biyu ko sha shida, wato milimita. Dole awon biyu su haɗu a hannun mai zane a kwamfuta.

Ni tun kafin in ja layin farko nake tsayar da awo ɗaya, milimita. A manhajar zane ta AutoCAD da acadiso.dwt, samfurin fayil na milimita, nake buɗe aiki, in tabbatar saitin awo na INSUNITS na kan 4, wato milimita, don 1 inci ke nan. Sai in rubuta a akwatin bayanin zane cewa duk awo milimita ne, sai inda aka nuna inci ƙarara.

Idan an turo maka fayil da aka zana da inci, yi masa SCALE, wato ninka girma, da 25.4 don ya koma milimita. Haka inci yake cif tun yarjejeniyar 1959. Masu cewa "ai 25 ne" su lura: a farantin ƙarfe mai tsawon inci 40 sun riga sun cinye milimita 16, ramukan noti ba za su hau ba. Bayan ka juya, auna wani abu da ka san girmansa. In kuma DXF, wato fayil ɗin musayar zane, za ka aika wa masu injin yankan ƙarfe a unguwar masana'antu ta Idu, zana ɗan murabba'i na milimita 100 a gefe, ka ce su fara auna shi.

Wani mai walda kuma, da inci hannunsa ya saba. Saboda shi sai ka mai da DIMALT, saitin nuna awo na biyu, 1, DIMALTF, lambar da ake ninka awon da ita, kuma 0.03937, inci ya fito kusa da milimita. Amma ka rubuta wanne ne na aiki, wanne ne na taimako. Wurin ɗan sassaucin da ake bari a awo ne ake zamewa: inci 0.005 milimita 0.127 ne, in ka cike shi ya koma 0.13 ka ƙara faɗin da mai zanen farko bai yarda da shi ba. Ni 0.12 nake sawa.

Inda na fi faɗa da yaran da nake koya wa aiki shi ne kayan da ake saye. "Rabin inci" a fayif ɗin ƙarfe suna ne kawai, kaurinsa na waje milimita 21.3 ne, ba 12.7 ba. Mai inci biyu 60.3 ne. Wanda ya buga kalkuleta ya huda rami 50.8, to ya tanadi magagari da haƙuri. Bar wa kaya sunansu na kasuwa, ka ɗauko ainihin girman daga takardar masu ƙera su, ko ka auna da kanka.

Haka bol da noti. Na rabin inci UNC, wato mai zaren inci, kaurinsa milimita 12.7 ne, da zare 13 a kowane inci. M12 kuwa, bol mai milimita 12, tazarar zarensa milimita 1.75 ce. A ido kamar 'yan biyu, amma notin wannan ba ya zama a kan wancan. Zaren fayif da aka fi samu ma iri biyu ne, BSP na Birtaniya mai digiri 55 da NPT na Amurka mai digiri 60, don haka ka rubuta cikakken sunan zaren a jikin zanen kafin a tura yaro kasuwa.