Darasi Na 9: Gyale Mai Ratsi A Lokacin Bazara

Wanda ya taɓa yin bazara a Sakkwato ba sai an ba shi labarin zafi ba. Daga watan Maris zuwa Mayu, kafin ruwan farko ya sauka, ma'aunin zafi yakan haura 40 da tsakar rana, musamman a Afrilu. A wannan lokaci mata da yawa suke kuka da mayafi. Fita ba ta yiwuwa sai da shi, shi kuma ya zama kamar an kifa murhu a ka.

Amma laifin ba na rufe jiki ba ne, na yadin ne. Ku dubi Buzayen da ke shigo mana ta Illela. Rawani naɗe har hanci, alhali ƙasarsu rana ba ta da wurin ɓuya. Sun san tufa mai kyau tana tare rana, ta bar iska ta ratsa. Abin da za mu koya yau ke nan: yadda ake gane gyale mai sanyi, da yadda ake yafa shi.

Kalmomin yau

Karanta su gaɓa-gaɓa, sannan a haɗe: gya-le, ma-ya-fi, ra-tsi, au-du-ga, hi-ra-mi, zu-fa, ba-za-ra.

A lura da waɗannan biyu: saka da saƙa. Lanƙwasar da ke kan ƙ ce kaɗai ta raba su. Maimaita sau uku: Na saka gyalen da aka saƙa da auduga.

Zaɓen yadi

Jiki yana huce kansa ne ta hanyar zufa. Idan zufa ta fito, iska ta busar da ita, sai a ji sanyi. Auduga tana shan zufa, tana barin iska ta wuce ta tsakanin zarenta. Yadin roba, irin su nailan da foliyesta, ba ya shan ruwa sosai. Zufa sai ta tsaya tsakaninsa da fata, wuya ya yi danƙo, ƙuraje su feso. Ga shi kuwa ya fi ɗaukar ido a kanti, ya fi araha, don haka mutane suke faɗa masa.

Kada ki yarda da ido kawai. Damƙe gefen gyalen a tafin hannu, ki ƙirga zuwa goma, ki saki. Auduga takan yamutse kaɗan. Na roba yana komawa sumul kamar ba a taɓa shi ba. Sannan ki ɗiga masa ruwa. Auduga za ta shanye, sai dai sabon yadi mai sitaci yakan ɗan jinkirta. A kan na roba ruwan yakan tsaya ko ya gangare.

Akwai gwajin da ya fi duka, amma a gida ake yinsa, a tsakar gida, nesa da yara. Zaro zare biyu ko uku daga bakin yadi ki kyasta musu ashana. Auduga tana ci da wari irin na takarda, ta bar toka mai laushi. Na roba narkewa yake, ya dunƙule ya yi tauri.

Wani abu da nake so ya zauna a zuciya: mara nauyi daban, shara-shara daban. Ɗaga gyalen wajen haske ki sa hannu a bayansa. Idan kina ƙirga yatsunki sarai, wannan bai rufe ki ba, bai kuma tare miki rana ba. Nemi wanda haske ke ɗan ratsawa amma hannu ba ya fitowa. Launi mai haske, kamar fari, ruwan madara ko shuɗi mai haske, ya fi mayar da zafin rana baya. Baƙi yana tara shi. Saboda haka a bazara ki so gyalen da farinsa ya fi yawa, ratsin ne kawai mai duhu.

Ratsin ma iri biyu ne. Akwai wanda aka saƙa tare da yadin, akwai wanda aka buga a kansa daga baya. Juya gyalen. Idan ciki da waje ɗaya ne, saƙa ce, za ta jure wanki. Idan cikin ya koɗe, bugawa aka yi. Ratsi ba baƙo ba ne a wurinmu. Tsofaffin masaƙa suna fitar da shi a saƙi da gwado, suna jera baƙin zare da fari tun a wurin shimfiɗa zaren, kafin a fara saƙa.

Karatu: A Babbar Kasuwa

An rubuta wannan hira yadda muke magana a gida. Ɗalibai biyu su karanta.

Hajiya: Salamu alaikum. Alhaji, ina wuni?
Mai kanti: Lahiya lau, Hajiya. Ya zahi?
Hajiya: Zahi lokacinai na. Gyale nika so, mai ratsi, maras nauyi.
Mai kanti: Ga wanga, sabon zuwa na. Dubi yadda shika ƙyalli.
Hajiya: Ba ƙyalli niz zo saye ba. Auduga ta?
Mai kanti: Da gauraye kaɗan.
Hajiya: To aje shi. Miƙo min wancan hwarin mai shuɗin ratsi in taɓa.
Mai kanti: Hajiya kin san kaya. Wanga kam auduga ta zalla.
Hajiya: Awo. Gwada min yadi biyu da rabi.

Yadi ɗaya inci 36 ne, wato kusan santimita 91. Yadi biyu yana isar yarinya ko mace marar tsayi. Doguwa ta nemi biyu da rabi.

Yadda ake yafawa

Fara da ɗankwalin auduga, kada a ɗaure shi tamau. Ɗora gyale a ka, gefen hagu gajere, na dama dogo. Ɗauko dogon ki wuce da shi ta ƙarƙashin haɓa, ki jefa bisa kafaɗar hagu. Bar wurin da yatsu biyu za su shiga tsakanin yadi da wuya, nan ne ƙofar iska. Naɗi ɗaya ya isa. Naɗi biyu da uku na hunturu ne, lokacin da ake gudun sanyi da ƙura. Idan iska tana kaɗawa, fil ɗaya a kafaɗa ya wadatar.

Ratsin shi ne jagoranki. Bari ya bi tsawon gyalen, ya sauko daga ka zuwa ƙirji, haka ya fi tsari a ido. Idan kin ga ya karkace, yafin ne ya karkace, sai a gyara.

Wajen haɗa kaya kuma, ni dai ba na son ganin gyale mai ratsi bisa atamfa mai manyan furanni, kowane yana neman a dube shi. Ya fi zama da doguwar riga ko shadda mai launi ɗaya. In kuwa atamfar ce za a sa, a samu gyale mai siririn ratsi wanda launinsa ke cikin atamfar.

Maza ma da nasu. Hirami ana ninke shi uku, ana bin ratsi, a saɓa a kafaɗa bisa kaftani. Idan rana ta buɗe a gona ko a kasuwar Kara, sai a warware a rufa bisa hula, ya sauko ya kare ƙeya da kunnuwa. A jiƙa shi da ruwa, a matse, a ɗora a wuya: a Maris da Afrilu, da iska take a bushe, wannan yana sanyaya jiki ƙwarai. Da damina ta kankama amfaninsa yana raguwa, don ruwan ba ya saurin bushewa.

Mu masu karatun manya muna da tarihi da abin rufe kai. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, idan ta naɗa jaji, wato shugabar 'Yan Taru mai kai karatu ƙauyuka, takan ɗora mata malfa da jan rawani. Da su jaji take shiga rana, da su kuma ake gane ta.

A kula

Wannan sashe kada a tsallake shi. Gyale mara nauyi iska tana wasa da shi. Na taɓa hawa kabu-kabu na bar bakin nawa yana lilo. Taya ta kama shi, ta fizgo ni ta wuya. Allah Ya sa ba gudu muke ba, yadin ne ya yage. Tun ranar, kafin in zauna sai na tattara bakin gyale biyu na riƙe a cinya. Haka nan a wurin injin niƙa, kada a sunkuya kusa da bel da gyale sake. A madafa a cire shi, ko a soke bakinsa. Na roba idan ya kama wuta narkewa yake ya manne a fata.

Mai goyo ta kare kan jariri daga rana, amma ta bar fuskarsa a buɗe, tana leƙa shi a kai a kai.

Wanki

Sabon gyale a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi, ko da ratsin zai zuba. Ban da bilic. A shanya a inuwa, ranar Sakkwato tana cin launi. Auduga tana ɗaukar dutsen guga mai zafi, mai gauraye da roba kuwa a sassauta masa.

Aiki

1. Rubuta jimla ɗaya da saka, ɗaya da saƙa.
2. Mene ne bambancin mara nauyi da shara-shara?
3. Mata biyu sun sayi yadi 5 za su raba daidai. Yadi nawa kowace za ta samu?
4. A ce yadi ɗaya Naira 2,000 ne. Nawa ne kuɗin yadi biyu da rabi?
5. Gobe kowa ya zo da gyale ko hirami ɗaya daga gida. Malama za ta kawo ruwa a kofi, mu gwada su ɗaya bayan ɗaya.